Ina ungulu ta shiga? Muhawara kan mushe, karnuka da binciken Indiya

Ɗan Kwata: Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a mai da ita wasa. Yaushe rabon kowannenku da ganin ungulu, da idonsa, ba a hoto ba? Ni a gidan fawa na tashi. Muna yara in an aike mu kai wa Baba koko kwata da sassafe, sai mun sa sanda mun kora kafin mu samu wurin taka ƙafa. Wasu a jere bisa katanga kamar masu jiran rabon zakka, wasu a ƙasa suna tsallen nan nasu na marasa kunya. Jiya na ce wa ɗana mai shekara 12 wani ya yi mini ungulu da kan zabo, sai yaron ya ce, "Baba, mece ce ungulu?" Wallahi sai da na yi shiru. Da na lissafa, na fi shekara 15 ban ga ko ɗaya a kwatarmu ba.

Na-Barkwanci: Ta koma gidanta na tsamiya mana.

Ɗan Kwata: Tsamiyar ma an sare an yi gawayi da ita, Malam.

Daktan Shanu: Wa alaikumus salam. Ɗan Kwata, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

A farkon shekarun 1990 Indiya na da ungulaye miliyoyin gommai. Ku tuna mafi yawan mutanen can ba sa cin naman shanu, saboda haka saniya in ta tsufa mutuwa take yi da kanta, a feɗe fata a jefar da sauran a bayan gari. Ungulu ce ke sharewa. Garke ɗaya na manyan nan kan mai da saniya ƙashi tsura kafin awa guda ta cika. Sai daga tsakiyar shekarun 1990 aka fara ganin tsuntsayen suna sunkuyar da wuya a kan bishiya, kwana kaɗan su faɗo matattu. Nau'i ɗaya, mai farin ƙugu, ya ragu da kashi 99.9 cikin 100 tsakanin 1992 da 2007. Wato a cikin kowace dubu, guda ɗaya ta rage.

An daɗe ana zargin wata sabuwar annoba ce. Sai a 2004 Lindsay Oaks da abokan aikinsa, waɗanda suka yi ta feɗe gawarwakin tsuntsayen a Pakistan, suka wallafa a mujallar Nature cewa ba cuta ba ce, magani ne: diklofenak, wannan dai na kashe zafin ciwo. Ya yi araha, makiyaya na yi wa shanu allurarsa. In saniya ta mutu da shi a jikinta, ungulu ta ci, sai ƙodarta ta tsaya. In an buɗe cikinta a ga wani farin abu kamar alli ya lulluɓe hanta da zuciya. Kuma lissafi ya nuna ko da mushen da ke ɗauke da maganin bai kai ɗaya cikin 100 ba, ya isa ya jawo wannan ɓarna, tunda mushe ɗaya tsuntsaye da yawa ke taruwa a kansa. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi ga dabbobi.

Sai kuma binciken 2024. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank na Jami'ar Chicago da Anant Sudarshan na Jami'ar Warwick, suka tambayi abin da ba a auna ba: to mutane fa, me ya same su? Suka ce mace-macen mutane ya ƙaru da sama da kashi 4 cikin 100 a gundumomin da a da ungulu ke da yawa. Kimanin mutum 100,000 a shekara, rabin miliyan ke nan daga 2000 zuwa 2005.

Malamin Lissafi: Dakta, da girmamawa, nan ne zan tsaya. Labarin maganin na yarda da shi, domin an feɗe an gani, an kuma gwada an tabbatar. Amma rabin miliyan? Wa ya ƙirga su? Akwai takardar mutuwa ko ɗaya da aka rubuta "rashin ungulu" a kanta? A shekarun nan Indiya ta canza ta kowace fuska: birane sun kumbura, masana'antu sun ƙaru, koguna sun gurɓace. Kowanne cikin waɗannan na iya kashe mutane. Ni a aji kullum ina gaya wa yara, zakara ya yi cara gari ya waye, amma ba shi ya fito da rana ba.

Daktan Shanu: Gaskiyarka Malam, ba su ƙirga gawa ɗaya-ɗaya ba. Ga yadda suka yi. Sun raba gundumomi gida biyu: inda yanayin ya dace da ungulu tana zaune tun asali, da inda dama can ba ta da yawa. Sai suka bi adadin mace-mace a duka biyun, kafin maganin ya bazu wajen 1994 da kuma bayansa. Kafin nan layukan biyu tare suke tafiya. Bayan nan sai na yankin ungulu ya rabu ya yi sama. Da ci-gaban birane ne kawai, ai da ya taɓa ɓangarorin biyu. Kuma ƙarin ya fi tsanani a garuruwa masu cunkoso da dabbobi da yawa, inda ake da jujin mushe kusa da mutane. Sun kuma ga cinikin allurar cizon kare ya tashi, ingancin ruwa ya faɗi a wuraren.

Malamin Lissafi: To wannan ya fi abin da na zata ƙarfi, na karɓa. Amma har yanzu ƙiyasi ne, kuma ƙiyasi yana da sama yana da ƙasa. Abin da ba na so shi ne gobe in ga wani ya ɗora a Facebook cewa ungulu ta kashe mutum 500,000, kamar an jera gawarwakin an ƙirga. A ce "an ƙiyasta". Kalma biyu ce, ba ta da nauyi.

Na-Barkwanci: Ungulu ta kashe mutane da rashin zuwanta. Irin surukar da in ta zo a yi kuka, in ba ta zo ba a yi kuka.

Uwar Biyu: Ni tsoro ma kuka ba ni. Maganin nan shi nake sha in bayana ya matsa mini. In daina ke nan?

Sista Mai Allura: Hajiya, jikin mutum da na ungulu ba ɗaya ba ne, abin da zai kashe ta cikin kwana biyu ke ba zai yi miki haka ba. Amma kada ki mai da shi goro. Yawan shansa na cin ciki, yana kuma wahalar da ƙoda, musamman ga mai hawan jini ko gyambon ciki. In ciwon bayan ya zama na kullum, a je a duba musabbabinsa.

Ni kuma maganar karnukan ce ta tsaya mini a rai. Mushen da ungulu ba ta ci ba, kare ne zai ci, ya ƙoshi, ya hayayyafa. Haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a duniya duk shekara, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku a Indiya ne. Na taɓa jinyar yaro da ya kai matakin tsoron ruwa. Ba na fatan ko maƙiyina ya ga wannan. Sai da suka yi makonni suna shafa masa magani a gida kafin su kawo shi, lokacin kuwa alƙalami ya riga ya bushe, domin da zarar alamun sun bayyana sai dai addu'a. Don Allah duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti a ranar. Ko da yake mu ma da namu laifin: akwai lokacin da aka kawo mana mutum uku a mako ɗaya babu allurar ko kwalba ɗaya a firij, sai da dangi suka shiga mota zuwa wani gari.

Ɗalibar Ƙwayoyin Cuta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina so in ƙara wani abu daga ɓangaren karatunmu, a kan dalilin da ya sa cin ungulu da cin kare ba ɗaya ba ne. Ruwan cikin ungulu tsami gare shi ƙwarai, mafi yawan ƙwayoyin cutar da ta haɗiya a nan suke ƙarewa. A 2014 an yi wani bincike a kan ungulayen Amurka guda 50. A fatar fuskarsu an samu nau'in ƙananan halittu sama da 500, amma a ƙarshen hanjinsu 76 kacal. Waɗanda suka tsira ɗin ma yawancinsu irin masu guba ne da za su kwantar da mutum, ita kuwa tana yawo da su lafiya lau. Sai dai in faɗi gaskiya, ungulun Amurka ba dangin tamu ba ce ta kusa, sana'a ce ta haɗa su.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne gwajin da Darcy Ogada ta jagoranta a Kenya, aka wallafa a 2012. Sun ajiye mushe, wani suka bar wa ungulu, wani suka hana ta. Wanda ba ta taɓa ba ya ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, kuma kuraye da diloli da ke zuwa sun ninka kusan sau uku, suna daɗewa suna gogayya da juna a wurin. Wannan cuɗanya ita ce kasuwar cuta. Ungulu tana ci ta tashi sama, kare kuwa yana ci ya dawo tsakar gida ya lashi kwanon yara.

Ɗan Kwata: Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Wannan na ƙarshen na gani da idona. Bayan kwatarmu yanzu tumbi da jini da ƙaho tsibi guda, karnuka sun fi 30 in dare ya yi. Da damina kuwa duk ruwan kududdufin unguwa yake gangarawa, inda yara ke wanka. An sha kai kuka, sai a zo a duba a tafi.

Baffan Ruga: Ɗana ne ke rubuta mini. Ina gaishe da kowa. Dakta, a zamaninmu in saniya ta ɓace a daji sama muke kallo. Inda mikiya ke jewa, can take, ko ta mutu ko tana shirin mutuwa. Ungulu ba ta jewar banza. Yanzu sai dai wari ya kai ka. Tambayata a kan ciwon saifa ce. Iyayenmu sun hana mu feɗe dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura. To in ungulu ta ci irin wannan, ta kashe cutar ne ko ta raba ta?

Daktan Shanu: Baffa, barka da warhaka, ya garke? Iyayenku sun yi daidai, kuma tambayarka har masana ba su gama sasantawa a kanta ba. Ƙwayar cutar saifa, wato anthrax, tana cikin jinin dabbar. In ba a buɗe gawar ba, ruɓewa da zafi kan kashe mafi yawanta. In aka buɗe iska ta shiga, sai ta yi wa kanta ɓawo ta kwanta a ƙasa, tana iya shekaru gommai tana jiran wata saniyar ta zo kiwo. Masu yabon ungulu na cewa tana cinye naman da wuri kafin hakan ta faru. Wasu kuma na cewa ai ita ce mai fasa gawar, sannan ta je ta yi wanka a mashaya da jini a ƙafa da baki. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. Saboda haka a kan saifa ba na ce a dogara da tsuntsu ba. A ƙone, ko a haƙa rami mai zurfi a binne, a kira ma'aikacin dabbobi, a yi wa sauran rigakafi. Kun tuna a Yulin 2023 an tabbatar da ita a wata gona a Suleja, bayan ta ɓulla a arewacin Ghana.

Malamin Lissafi: Yawwa. Irin wannan amsar nake so, mai cewa nan an sani, nan ana gardama.

Bazazzagi: To ni abin da ban gane ba, mu tamu ungulun maganin shanun ne ya kashe ta ita ma?

Ɗan Damagaram: A'a ɗan'uwa, tamu hannu aka sa aka kashe ta. Ni ganau ne. A ƙauyukanmu maharba na tsallakowa neman ta musamman, kai da ƙafafu da ƙwai suke so, su kai kasuwannin Najeriya. A 2014 ma akwai wata farar ungulu da masu bincike suka maƙala wa na'urar bin sawu tun daga Girka. Ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara, ta zo kudancin Nijar maharbi ya kashe ta don a sayar. Tsuntsuwa ta tsallake duk wannan, ta zo ta mutu a hannunmu.

Daktan Shanu: Haka ne. Wani babban nazari na 2016 da ya tattara bayanan Afirka ya nuna cikin ungulayen da aka samu a mace, kusan 9 cikin 10 guba ce ko cinikin sassan jiki: wajen kashi 61 guba, kashi 29 ciniki. Gubar ma iri biyu ce. Akwai makiyayin da kura ko zaki ya yi wa ɓarna, ya barbaɗa maganin ƙwari a mushe don ramuwa, ungulu ta riga kurar zuwa. Akwai kuma masu farautar giwa da ke sa gubar da gangan don kada jewar tsuntsaye ta tona musu asiri. A Botswana a 2019 an tsinci gawar ungulu 537 a wuri ɗaya. A Gini-Bisau a 2020 fiye da 2,000, irin tamu ta kwata, da yawa an cire kawunan. Tun 2015 aka sa wannan ungulu tamu a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Ga shi ƙwai ɗaya take yi a shekara. Kaza ce da za ta cike gurbi cikin wata uku?

Jikan Mai Ganye: Ina karantawa tun ɗazu ina jiran a zo kanmu, ga shi an zo. Kakana ya yi shekara 50 yana ba da magani, saiwa da sassaƙe da ganye, ban taɓa ganin gashin ungulu a shimfiɗarsa ba. Kada a yi mana kuɗin goro. Masu neman kan ungulu ba masu ciwon ciki ba ne. Masu neman sa'a ne, da kujera, da son ganin abin da ke ɓoye, kuma da manyan motoci suke zuwa. Ku tambayi wanda ke biya, ba wanda ke shimfiɗa ba kawai.

Ɗan Damagaram: Ban ce duka ba, Malam. Amma wanda ya shimfiɗa ya san abin da ya shimfiɗa.

Jikan Mai Ganye: Wannan kuma ban musa ba.

Ɗan Kwata: Ku bari in faɗi wadda ta shafe mu mahauta, tunda kowa na faɗin tasa. Dakta ya ce a Indiya saniya na mutuwa da magani a jiki ungulu ta ci. To mu nan wa ke barin saniya ta mutu? Da an ga ta kwanta, an yi allura kwana biyu ba ta tashi ba, sai wuƙa, a kawo mana da asuba. Wato abin da ungulu ke ci a can, mu ne ke cin sa a nan, a tsire da balangu.

Daktan Shanu: Ka faɗi abin da nake jin nauyin faɗa. Kowace kwalbar allurar dabbobi akwai kwanakin da aka rubuta a jira kafin a yanka ko a sha nono. Wa ke karantawa? Ni abin da ya fi damuna ma ba na kashe zafi ba ne, magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne da ake dirka wa shanu da kaji ba awo. Ƙwayoyin na sabawa da su, ranar da mutum ya kwanta a ba shi irin maganin ya ƙi ci. Binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya ƙiyasta, Malam ka ji na ce ya ƙiyasta, mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda wannan bijirewar, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Baffan Ruga: Dakta, ba ƙin jira muke yi ba. Saniya ɗaya ita ce kuɗin hatsin shekara. In ta mutu mushe ce, ko sisi babu. In kai ne ya za ka yi? Ma'aikacin dabbobi kuma in ka kira shi yau sai jibi.

Daktan Shanu: Ban da amsar da za ta gamsar da kai, Baffa. Da ni ne, wataƙila abin da ka yi zan yi.

Ɗalibar Ƙwayoyin Cuta: Ƙarin bayani kaɗan ga Malamin Lissafi, tunda yana son a gwada hanya sau biyu. Shi Eyal Frank ɗin ya sake irin wannan aiki a 2024 a kan jemagu a Amurka. Wata cutar fumfuna da ta ɓulla a 2006 ta kashe jemagu masu cin ƙwari. A yankunan da ta shiga manoma sun ƙara feshin maganin ƙwari da kusan kashi 31, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8. A Kosta Rika da Panama ma da cuta ta share kwaɗi, zazzaɓin cizon sauro ya tashi na wasu shekaru.

Malamin Lissafi: Na jemagun mutum ɗaya ne da hanya ɗaya, in akwai kuskure a hanyar zai bi shi duk inda ya je. Na kwaɗin ya fi ƙara mini nutsuwa tunda wasu ne daban suka yi. Amma ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: Indiya an iya wannan lissafi ne domin suna da rajistar mace-mace gunduma-gunduma ta shekaru. Mu a ƙauyenmu mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba wanda ya rubuta ko sunansa. Ko ungulun ta tafi da wani abu namu, da wane littafi za a gane?

Uwar Biyu: To su Indiyan ungulunsu ta dawo?

Daktan Shanu: Raguwar ta lafa, amma dawowa da sauran tafiya, Hajiya. Bayan hana diklofenak na dabbobi, makiyaya suka koma sayen na mutane a manyan kwalabe suna yi wa shanu, sai a 2015 aka taƙaita kwalbar zuwa mililita 3. An samu madadin da ba ya cutar da tsuntsun, meloksikam. A 2023 suka ƙara hana wasu magunguna biyu masu irin wannan illa. Suna kuma kiwon ungulu a keji suna saki kaɗan-kaɗan.

Na-Barkwanci: Kiwon ungulu! Ashe akwai sana'ar da ban sani ba. Dakta, in an buɗe reshe a nan a sa ni mai ba su abinci.

Ɗan Zongo: Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan ana ɗan ganin ta jefi-jefi wajen mayanka da juji, amma ba kamar lokacin da muke yara ba. Wani abokina direba ya ce a Gambiya har yanzu tana nan da yawa, har bakin teku.

Ɗan Kwata: Malamin Lissafi, ka ce babu littafi. Ni zan sayi na naira 200 gobe. Duk ranar kasuwa zan rubuta abin da na gani a bayan kwata: ungulu nawa, shirwa nawa, karnuka nawa. In sifili ne in rubuta sifili. Baffa, kai ma ɗanka ya riƙa rubuta na daji.

Malamin Lissafi: Ka sa kwanan wata da lokaci, kuma ka riƙa tsayawa wuri ɗaya kullum. In ka cika wata shida ka turo mini.

Ɗan Kwata: An gama. Ɗan Zongo, don Allah in ka sake ganin ta ka ɗauko mini hoto da wayarka. Yaron nan har yanzu ya ɗauka wata irin talotalo ce.